Kafin Ka Danna "Aika", Ka San Inda Amsa Za Ta Faɗo

Karon farko da aka ba ni aikin saita saƙon tes a manhajar talla, a yini ɗaya na gama, har ina yaba wa kaina. Na loda lambobi, na sa sunan kamfanin ya riƙa fitowa a matsayin mai aikawa, na tsara saƙo mai daɗin karatu, na rufe shi da "Idan kana so, ka amsa da EH." Na danna. Rahoto ya nuna saƙonni sun isa, na gyara zama ina jiran amsa. Awa ɗaya, awa biyu, har gari ya waye, shiru kamar an shuka dusa. Mai kamfanin ya fara cewa ai dama mutane sun daina karanta tes. Ana cikin haka wata ma'aikaciyarsa, wadda lambarta ke cikin jerin, ta miƙo mini wayarta ta ce, "Malam, wai ta ina ake amsawa?" Na duba. A ƙasan saƙon babu ma wurin rubutu. Da suna muka aika, ba da lamba ba, shi kuwa suna ba ya karɓar amsa.

Tun daga ranar na juya tsarin aikina. Hanyar dawowar amsa nake fara shimfiɗawa, sannan in koma kan aikawa. Shi ya sa za ka ga na fi daɗewa a kan abubuwan da manhajoji ke ɓoyewa can ƙasan shafin saituna.

Da farko ka san cewa manhajar talla, wato wadda kamfani ke tsara saƙonnin talla ya tura wa abokan cinikinsa da ita, ba ita ce ke kai saƙo waya ba. Miƙawa take yi ga dillalin saƙonni, irin su Twilio, Vonage, Infobip ko Sinch, shi kuma dillalin ya miƙa wa kamfanin sadarwar da mai karɓa ke amfani da layinsa. Wasu manhajojin, kamar Klaviyo da Mailchimp, sun haɗa wannan hidimar a cikinsu, su za su ba ka lambar aikawa. Wasu kuma sai ka buɗe asusu a wurin dillali da kanka, ka kwafo lambar asusun da mabuɗin sirri ka liƙa a manhajar. Wannan mabuɗi kamar makullin asusun kuɗi yake, duk wanda ya same shi zai iya aika saƙo da kuɗinka. Kada ya bi ta imel, kada ya bi ta rukunin hira na ofis. Idan ya taɓa bi, ka soke shi ka fitar da sabo, aikin minti biyu ne.

Da me za ka aika

Zaɓi uku ne a gabanka. Akwai suna, wanda ba ya wuce haruffa 11. Yana da kwarjini, mutum na ganinsa ya san daga inda saƙo ya fito, amma hanya ɗaya yake bi, tafiya ba dawowa. Ya dace da sanarwar da ba ta neman a ce komai, kamar lambar tabbatarwa ko labarin cewa kaya sun taso. Akwai doguwar lamba, mai kama da ta kowa, wadda ke aikawa tana kuma karɓa. Sai gajeriyar lamba, mai alƙaluma 5 ko 6 a Amurka, wadda ta fi sauri nesa ba kusa ba, amma samunta na ɗaukar makonni, kuma a ƙasar da aka yi mata rajista kaɗai take aiki.

In dai akwai kalmar "amsa" a saƙonka, ko kana so mutum ya iya cewa a daina turo masa ta hanyar mayar da saƙo, to lamba za ka nema, kuma ka tabbatar an rubuta cewa tana karɓar tes. Na taɓa ganin an sayi lambar da kira kawai take yi.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Kowace ƙasa da dokarta, kuma dokar ƙasar mai karɓa ake bi, ba ta wurin da kake zaune ba. Amurka da Kanada ba sa yarda da aikawa da suna kwata-kwata. A Amurka, doguwar lambar da za a yi talla da ita sai an yi mata rajista a tsarin da ake kira 10DLC, inda za ka bayyana kamfaninka, irin saƙon da za ka riƙa turawa, da yadda mutane suka ba ka izini. Wanda bai yi ba, toshe saƙonsa ake yi. A Indiya har samfurin saƙon sai ka yi masa rajista a tsarin DLT, idan abin da ka tura ya saɓa da samfurin ba zai wuce ba. Singafo kuwa tun daga farkon 2023, sunan da ba shi da rajista maye gurbinsa ake yi da tambarin da ke gargaɗin cewa wataƙila damfara ce. Ka yi tunanin tallanka ya isa wa abokin ciniki da wannan a goshi. Saboda haka ka fara neman rajista tun kafin ka rubuta kalma ɗaya ta saƙon, don ita ce ke cin lokaci.

Lambobi da izini

Manhaja na son lambobi a tsarin E.164: alamar tarawa, lambar ƙasa, sai lambar mutum ba tare da sifilin farko ba, duka kada su wuce alƙaluma 15. Lambar Birtaniya 07700 900123, wadda ke cikin jerin da aka ware don misali ba ta kowa ba ce, za ta koma +447700900123. Babu tazara, babu karan tsaye ko na kwance.

Abin da ya fi ɓata jerin lambobi shi ne buɗe fayil ɗin CSV, wato irin fayil ɗin da ake adana jerin a ciki, a manhajar lissafi ta Excel. Yana ɗaukar lambar waya a matsayin lissafi, ya cinye sifilin farko ko alamar tarawa, doguwar kuma ya mayar da ita wani abu kamar 4.47701E+11. Idan ka adana a haka, alƙaluman ƙarshe sun tafi ke nan, babu mai dawo da su. Ka mayar da layin lambobin ya zama na rubutu kafin ka taɓa komai, ka kuma ajiye asalin fayil ɗin a wani wuri daban.

Izini kuma ba na wasa da shi. Wanda ya yarda ka turo masa imel bai yarda ka shiga wayarsa ba. Wanda ya ba da lamba don a sanar da shi isowar kayansa bai ce a turo masa talla ba. Manhajoji masu kyau na da gurbi na musamman na izinin tes, ka cika shi da ranar da aka bayar, da inda aka bayar, da kalmomin da mutum ya gani lokacin da ya yarda. A Amurka dokar TCPA ta 1991 ta ba mutum damar neman diyyar dala 500 kan kowane saƙo ɗaya da aka tura masa ba izini, har zuwa 1,500 idan da gangan ne. A Tarayyar Turai ma, tun da dokar GDPR ta fara aiki a 2018, kai ne za ka nuna hujjar cewa an yarda. Ni ko doka ba ta tilasta ba ina kunna tabbatarwa sau biyu: mutum ya sa lamba a fom, saƙo ya je masa, ya amsa da kansa. Hakan na tace lambobin da aka yi kuskuren rubutawa, da waɗanda wani ya sa lambar wani.

Harafi ɗaya da ke ninka kuɗi

Wannan ya fi shafar mu masu rubutu da Hausa, shi ya sa zan ɗan zauna a kansa. Saƙon tes guda ɗaya bayit 140 ne, bayit kuwa ma'aunin girman bayanai ne. Idan duk haruffan da ke ciki na cikin jerin GSM-7 ne, wato baƙaƙen boko na yau da kullum, alƙaluma da alamomi kaɗan, saƙon na ɗaukar haruffa 160. Da ka wuce 160 sai a yanka shi gida-gida, kowane gida 153, don ana cire wani ɓangare a rubuta bayanin yadda wayar mai karɓa za ta sake haɗa su. Kuɗi kuma a kan gida ake lissafawa, ba a kan saƙo ba.

To, ƙ da ɗ da ɓ ba sa cikin GSM-7. Akwai é da ñ da ü, amma namu masu lanƙwasa babu. Da zarar guda ɗaya ya shiga, duk saƙon ya koma wani tsarin haruffa daban mai suna UCS-2, inda gida ɗaya ke ɗaukar haruffa 70 kacal, idan an yanka kuma 67. Saƙo mai haruffa 150 da zai tafi a gida 1, saboda ƙ ɗin da ke cikin "ƙarshe" sai ya koma gida 3. Kuɗin ya ninka sau uku, mai karatu kuma bai ga wani bambanci ba. Haka fuskokin emoji ke yi, haka ma lanƙwasasshiyar alamar ɗauri da Word ke sakawa da kanta idan ka rubuta 'yan ko sa'a a can ka kwafo. Ita wannan ta fi ban haushi, don ido ba ya ganinta. Wasu dillalan na da maɓallin da ke miƙar da irin waɗannan alamomi kai tsaye, ka kunna shi. Amma ƙ ɗinka ba lallai ya taɓa ta ba, don haka kullum idonka ya kasance a kan ɗan ma'aunin da ke ƙasan akwatin rubutu, mai nuna yawan haruffa da gidaje.

Shin a zubar da lanƙwasa ke nan? Ni ga yadda nake yi. Idan saƙon zai shiga cikin haruffa 70, ina rubuta shi da cikakkiyar ƙa'ida, tunda ba a ƙara ko sisi. Idan ya fi haka, ina cire lanƙwasa, sannan in karanta da babbar murya ina farautar kalmomin da suka sauya ma'ana. Baƙi ya koma baki, ɓata ta koma bata, ƙafa ta koma kafa, ƙasa ta koma kasa. Mai karatu yakan gane daga jimla, amma inda ake iya ruɗewa sai in sauya kalmar gaba ɗaya. Ba na jin daɗin hakan, gaskiya, amma wanda ke biyan kuɗin ya kamata a nuna masa lissafin ya zaɓa da kansa.

Gurbin suna ma yana da nasa tarkon. Ka rubuta "Sannu" sannan alamar da manhaja za ta cike da sunan mutum. Idan babu suna a jerin, abin da zai isa shi ne "Sannu ," da waƙafi a rataye. Akwai wurin sa kalmar madadi, ka cika shi. Sannan ka gwada da suna mafi tsawo a jerinka, don saƙon da ke 156 da gajeren suna zai haura 160 da dogo. Sunan da ke da ɗ a ciki kuma shi kaɗai ya isa ya jefa saƙon mutumin cikin UCS-2.

Mahaɗin intanet kuwa, ka guji gajartattun da kowa ke amfani da su kyauta. 'Yan damfara sun ɓata musu suna, matatun kamfanonin sadarwa na yawan tare su. Ka yi amfani da na manhajar ko na adireshin kamfaninka.

Inda amsa ke faɗawa

Idan mutum ya amsa, saƙon na zuwa wurin dillali ne. Dillali kuma bai san inda zai kai shi ba sai ka gaya masa. A shafin saitunan lambar akwai gurbin adireshin da ake tura saƙonni masu shigowa, galibi za ka ga an rubuta Webhook a kai. Manhajar tallarka ce za ta ba ka adireshin, kai kuma ka liƙa shi a can. Wasu manhajojin na yin wannan da kansu lokacin haɗawa, amma ka je ka gani da idonka. Kusa da shi akwai gurbi na biyu, na rahoton isar saƙo, kuma mutane na yawan musanya su. Idan ka musanya, aikawa za ta yi ta tafiya lafiya lau, amsoshi kuma su riƙa zubewa ba wanda ya sani. Lamba ɗaya adireshi ɗaya take kai wa, saboda haka idan ka haɗa ta da manhaja ta biyu, ta biyun na iya goge adireshin ta farko ba sallama.

Amsa ta shigo, sai me? Kashi uku nake raba ta.

Kashi na farko masu cewa a daina. Dillalai da yawa na gane kalmomi irin su STOP, END, QUIT, CANCEL da UNSUBSCRIBE da kansu, su toshe lambar, START kuma ya buɗe. Amma wanda ka rubuta wa da Hausa da Hausa zai amsa: "daina", "ku daina", "bana so", "a cire ni". Dole ka ƙara waɗannan da hannunka, ka kuma faɗa a cikin saƙon kalmar da za a turo. A nan akwai zaɓi biyu a saituna: ko saƙon ya zama kalmar ce kaɗai, ko ya ƙunshe ta a ko'ina. Na taɓa zaɓar na biyu ina ganin na yi dabara, sai wata baiwar Allah ta rubuto, "Don Allah kada ku daina sanar da ni in sabo ya zo." Manhaja ta ga "daina", ta cire ta, har da aika mata saƙon ban kwana. Yanzu kalma ita kaɗai ce ke cirewa kai tsaye. Idan ta zo a cikin jimla, sai manhaja ta dakatar da turawa ga mutumin, ta ɗaga tuta, ɗan Adam ya karanta ya yanke hukunci. Kada a bar tutar ta kwana biyu: a Amurka tun Afrilun 2025 ƙa'ida ta ce duk hanyar da ta dace da hankali mutum ya bi ya janye izininsa, a cika masa cikin ranakun aiki 10. Bayan cirewa saƙo ɗaya tak ake turawa na tabbatarwa, babu talla a ciki, babu roƙon ya dawo.

Kashi na biyu amsar da kai ka nema. Ka ce a amsa da EH, amma abin da zai zo shi ne "eh", "Eh.", "ee", "to", "na'am", "ina so". Ka sa manhaja ta daina bambanta manya da ƙananan baƙaƙe, ta yi watsi da aya da tazara, ka jera mata duk waɗannan. Idan tambayar mai zaɓi ce, alƙaluma sun fi sauƙi, a amsa da 1 ko 2. Sai dai ka sa wa'adi, don kada "1" da wani ya turo bayan wata guda ta faɗa cikin wata tambayar daban.

Kashi na uku shi ne duk abin da bai dace da komai ba, kuma a nan ciniki yake. "Akwai babba?" "Nawa ne?" "Wa ke magana?" Waɗannan akwatin hira na manhajar za su shiga, kuma sai an ɗora wa wani takamaiman mutum alhakinsa, da sanarwa da za ta same shi a waya ko imel. Akwatin da aka ce na kowa ne, babu mai buɗe shi. Ka lura da tura amsa zuwa wayar ma'aikaci: idan ya amsa daga can, ko dai saƙon ya fita da lambarsa ta ƙashin kansa, ko ya koma wa lambar kamfani bai isa ga mai tambaya ba. Sanarwa kawai za ta je waya, amsawa a cikin manhaja.

Abubuwa biyu ƙanana da nake ƙarawa. Idan mutum ya fara hira, jerin saƙonnin da aka tsara masa ya tsaya tukuna, don babu abin da ya kai ban kunya kamar yana ƙorafi kan kayan da suka lalace, ga tallan rangwame ya faɗo masa a tsakiya. Sannan amsar kai tsaye irin ta "Mun samu saƙonka" a taƙaita ta zuwa sau ɗaya a awa 24 ga kowace lamba. Akwai lambobin da su ma na'ura ce ke amsawa. Idan taka ta haɗu da irinsu, sai su kwana suna gaisawa, kowace gaisuwa da kuɗinta.

Lokaci da gudu

Ka saita lokutan shiru bisa agogon mai karɓa. Dokar tarayyar Amurka ta iyakance talla tsakanin 8 na safe da 9 na dare, wasu jihohin sun fi haka tsanani. Amma lokacin da ka danna ba shi ne lokacin da saƙo na ƙarshe zai fita ba. Akwai doguwar lambar da gida ɗaya take fitarwa a daƙiƙa. Mutum 10,000 da saƙo mai gida 3 ya zama gida 30,000, wato awa 8 da minti 20. Ka fara da 3 na yamma, na ƙarshe ya farkar da wani bayan 11 na dare. Ka tambayi gudun lambarka, ka yi lissafin, ka kuma duba ko manhajar na riƙe ragowar har safiya ko tana ci gaba da zubawa.

Gwaji

Ina haɗa ƙaramin jeri na wayoyi uku ko huɗu da ke hannuna, a kan layuka daban-daban, har da ƙaramar waya mai madannai, don ita ce ke tona asirin harafin da bai fito ba ya zama akwati. In aika. In amsa da "eh" daga ɗaya, da jimlar shirme daga ɗaya, da "daina" daga ɗaya. Sannan in sake ƙoƙarin aika wa wadda ta ce a daina. Idan saƙon ya isa, ban gama ba. A Twilio lambar kuskure 21610 nake son gani a nan, alamar an hana aikawa ga wanda ya fita. A rahoton aikawa ta gaske kuma, 30003 na nufin wayar ba ta samuwa, 30005 lambar babu ita, 30007 kuma an tace saƙon ne, ka koma ka duba mahaɗinka da kalmominka da rajistarka. "An isar" ba ya nufin an karanta, tes ba ya kawo wannan labarin. Danna mahaɗi da amsa su ne kawai shaidarka.

Jerin waɗanda suka fita kuma ka riƙa sauke kwafinsa duk wata. Wani lokaci a wurin dillali yake zaune, ba a manhaja ba, ko a ɗaure da lamba ɗaya kawai. Ranar da ka sauya lamba ko ka koma wata manhajar, wannan jerin za ka fara lodawa a matsayin waɗanda aka hana, ka gwada da wayarka da ta ce "daina" ka ga an ƙi, sannan ka shigo da sauran lambobin.